Daga kaka zuwa kaka: littafin aikin gidajen manoma a ƙauyenmu

25 ga Nuwamba, 2023

Jiya da dare depitenmu, wato ɗan majalisarmu, ya kira ni daga Yawunde, inda suke zaman kasafin kuɗi na kowace Nuwamba. Ya ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk abin da ya faru a maganar gidajen nan, mai daɗi da marar daɗi, da kwanan wata, domin a ofis ba a sauraron "mun sha wuya" sai an ga takarda. Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta manoman auduga, shi ya sa aka ɗora mini.

Ƙauyenmu yana kudu da Garwa, a gundumar Binuwai ta jihar Arewa, kaɗan daga titin da ya nufi Ngong da Ngaundere. Akwai mu Hausawa, akwai Fulani, akwai Tupuri da Mafa da Giziga da iyayensu suka gangaro daga Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma. Auduga muke yi, da masara da gyaɗa da dawa. A Agusta da Satumban da suka wuce, a unguwarmu kaɗai na ƙirga ɗaki goma sha tara da suka zube. Ba ambaliya aka yi ba, ruwan sama ne kawai irin na kowace shekara. Mutum zai sayar da audugarsa, kuɗin da ya yi niyyar sayen san huɗa da su sai su tafi wajen tayar da bango, da ƙasar da ta faɗi, a wurin da ta faɗi. Baɗi ko baɗin baɗaɗa ya sake faɗuwa.

Da depite ya zo jaje a Oktoba ya kawo shinkafa da tabarmi. Limaminmu ya yi masa godiya, sannan ya ce da shi, "Onorabul, tabarma ta samu, saura inda za a shimfiɗa ta." Daga wannan magana aka kafa kwamitin mutum bakwai.

17 ga Disamba, 2023

Yau an yi taro a ƙofar gidan Lawan, daga hantsi har azahar. Abin da ya burge ni da depiten nan shi ne da abin da ba zai iya ba ya fara. Ya ce shi ɗaya ne cikin 180 a majalisa. Ba shi da ma'aikata, ba ya ba da kwangila. Abin da ke hannunsa bakinsa ne a zauren majalisa, da ƙafarsa ta shiga ofisoshi, da ɗan kason da ake ba kowane depite duk shekara don ƙananan ayyuka a mazaɓarsa, wanda ko an zuba shi duka a bulo da kwano ba zai wuce 'yan ɗakuna ba.

Sai ya jero mana abin da gwamnati ta tanada. Akwai kamfanin SIC, tun 1952 yake gina gidaje a birane. Akwai MAETUR mai yanka filaye, da bankin gidaje na Kiredi Fonsiye, su biyun tun 1977. A 2009 aka ƙaddamar da shirin gidaje 10,000 da filaye 50,000, wanda akasarinsa ya sauka a Olembe ta Yawunde da Mbanga Bakoko ta Duwala. Daga baya shirin gaggawa ya ware wa Garwa gida 100, kamar sauran manyan biranen jihohi bakwai. Shi bankin gidajen, ana cire kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba masa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 1.5. Mai neman rance zai nuna abin da ke shigo masa duk wata, ya kuma kawo takardar fili.

Wani dattijo da ke zaune a bakin tabarma ya ce, "Ranka ya daɗe, to mu da albashinmu ke zuwa sau ɗaya a shekara fa?" Aka yi shiru. A ganina duk aikin nan amsar wannan tambaya yake nema. Gida mai sauƙin kuɗi da aka tsara wa malamin makaranta ko jandarma ba zai zauna wa manomi ba, ko da an rage masa rabin farashi, domin kuɗin manomi da lokacinsa da filinsa duk ba irin nasu ba ne.

Ga abin da aka tsayar. Za a fara da gida goma sha biyu. Depite zai sayi injin matse bulon ƙasa na hannu da simintin farko daga kasonsa. Mai gida ya kawo ƙarfinsa da na 'ya'yansa, da ƙofa da taga. Biya kuwa sau ɗaya a shekara, ranar da kuɗin auduga ya fito, har kaka huɗu.

Nan Liman ya tsayar da mu a kan kuɗin ruwa. Ya ce ba zai sa albarka a rancen da ake ƙari a kansa ba. Wani matashi ya ce idan babu ƙari, siminti kuma yana ta tashi, asusun zai narke kafin ya kai ga mutum na goma sha uku. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. An daɗe ana ja, har Sarkin magina ya warware: kada a ranta wa kowa sefa, a ranta masa siminti. Wanda ya karɓi buhu talatin, buhu talatin zai mayar, ko nawa yake a ranar. Liman ya ce buhu da buhu, wannan ba laifi.

14 ga Janairu, 2024

Makonni uku ke nan ba a yi komai ba sai maganar fili, kuma na koyi abin da ban sani ba duk tsawon zamana a nan.

Mu a saninmu fili na Lamiɗo ne, Lawan da Jauro ke rabawa da yawunsa. Ka je ka gaishe su, a nuna maka daga wancan kirya zuwa wancan suri, shi ke nan. A idon doka kuwa, tun dokokin 6 ga Yuli 1974, duk filin da ba shi da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, yana cikin filin ƙasa, gwamnati ce ke riƙe da amanarsa. Wanda zai iya neman takarda kai tsaye shi ne wanda ya zauna ko ya nome wurin kafin 5 ga Agusta 1974, ko magadansa. To yawancin maƙwabtanmu bayan haka suka zo, lokacin da aka buɗe kwarin Binuwai ga masu ƙaura daga arewa. Akwai wanda aka haifa a nan, ya binne mahaifinsa a nan, amma ranar nan ta riga zuwansu. Irin su sai ta hanyar aron fili na wucin gadi, wanda ba ya wuce shekara biyar, idan an ga ka raya wurin sannan a tabbatar maka.

Depite ya kai mu wurin suferefe, wakilin gwamnati a yankinmu, mu uku. Shi ne shugaban kwamitin da ke zuwa duba fili, tare da ma'aikatan filaye da na safiyo, da mai gari da dattawa biyu. Su ne ke kafa turakun iyaka. Bayan haka a buga sanarwa, a jira kwana talatin ko wani zai ce nasa ne. Tun gyaran da aka yi wa doka a Disamba 2005 ba sai takarda ta je Yawunde ba, a gunduma ake fitar da ita. An ce mu shigar da buƙata ɗaya da sunan ƙungiya a kan filin baki ɗaya, maimakon mutum goma sha biyu kowa da jakarsa. Na ga amfanin depite a ranar. Ni kaɗai da sai in yi sawu uku ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Lawan ya ba da tudun da ke gabas da makaranta. Da muka je awo sai ga Arɗo da mutanensa, suka ce gefen kudu burtalinsu ne, nan shanu ke bi zuwa mashaya da rani. Wasu matasanmu suka fara ɗaga murya. Na ji tsoro, domin na san inda irin wannan ke kaiwa a ƙasar nan. Lawan ya sa aka kira tsofaffi biyu da suka san wurin tun ana daji, suka ce Arɗo ke da gaskiya. Aka ja igiya baya taku arba'in. Filayen sun ɗan ragu, kuma ban ji haushin haka ba ko kaɗan. Gidan da garke zai riƙa gogar katangarsa, rigima aka gina.

5 ga Fabrairu, 2024

Shekaranjiya farashin mai ya tashi: fetur daga sefa 730 zuwa 840, gazuwal daga 720 zuwa 828. Zuwa-zuwa, wato man bumburutun da ake shigowa da shi daga Najeriya, shi ma ya daina araha tun da aka cire tallafi a can bara. Mai kamiyon da muka yi ciniki da shi ya dawo ya ce sai an ƙara. Ga masana'antar siminti a Figil, arewa da Garwa a hanyar Marwa, a jiharmu, amma kafin buhu ya iso ƙauye ya sha hannu da yawa. Mun rage buhu ashirin daga abin da muka yi niyyar saye.

24 ga Fabrairu, 2024

Inji ya iso, da wani ƙwararre da depite ya nemo, wanda ya ce ya koyi aikin ne a wurin mutanen MIPROMALO, hukumar da aka kafa a 1990 don bunƙasa gini da kayan gida. Kwana shida ya yi da mu.

Ranar farko bai taɓa injin ba. Kwalabe ya sa aka kawo. Aka ɗebo ƙasa daga wuri biyar, aka zuba kowace a kwalba da ruwa, aka girgiza, aka ajiye. Washegari kowa ya gani da idonsa: yashi a ƙasa, tabo a tsakiya, yumɓu a sama. Ƙasar da muka saba gini da ita, baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta, kusan duk yumɓu ce. Ita ce ke tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, ta kumbura da damina. Bangon da aka yi da ita, aka kuma ɗora a kanta, kowace shekara yana numfashi har ya gaji. Muna amfani da ita ne don ita ce a kusa. Jar ƙasar da ta dace tana bayan dutse, tafiyar amalanken shanu ce mai ɗan nisa.

Sai a tankaɗe, a zuba siminti mudu ɗaya a kusan mudu goma sha biyar na ƙasa, a gauraya a bushe, sannan a yayyafa ruwa kaɗan. Gwajin ruwan shi ne ka dunƙula a hannu ka saki daga daidai ƙugu. Idan ta watse kamar gari, ruwa bai isa ba. Idan ta faɗi ɗungurungum, ya yi yawa. Ta rabu gida huɗu ko biyar, to a zuba a inji.

Wani abu da ya kamata in rubuta, don kada a ruɗi waɗanda za su zo bayanmu. Buhu ɗaya ya ba mu bulo wajen ɗari, mutane suka yi ta murna, don na siminti zalla bai fi talatin da ɗoriya ba a buhu. Amma namu ƙanana ne, sai ka jera kusan uku kafin ka rufe wurin da babban bulo ɗaya ke rufewa. Da na zauna na yi lissafi, sauƙin da ke cikin simintin kansa ba shi da yawa. Sauƙin yana wurin da ba a sayen yashi, ba a yin filasta, kuma hannunmu ne ke aikin. Sai sanyin ɗaki, wanda duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo da kwano a Garwa cikin Afrilu ya san darajarsa.

Sarkin magina bai yarda ba sai da aka jefa bulon da baƙon ya zo da shi a bokitin ruwa, da tubalinmu a wani bokitin. Da safe tubali ya koma kunu, bulo yana nan.

23 ga Maris, 2024

Azumi ya kama, zafi ya kai inda ya kai. Mun mayar da aiki dare, daga bayan asham zuwa sahur. 'Yan'uwanmu Kirista suka ce su za su riƙe na safe, da kawo ruwa. Ba wanda ya roƙe su.

Mun yi asara, kuma ni na jawo ta. An gaya mana sabon bulo sai an lulluɓe shi da leda, ana ba shi ruwa, a bar shi mako huɗu kafin a ɗora. Rijiyar burtsatse ɗaya ce a wannan ɓangaren, mata suna layi tun asuba, na ga bai dace mu riƙa kwashe ruwan sha muna shayar da bulo ba. Na ce a rage. Kusan bulo ɗari takwas suka bushe da wuri, gefensu yana marmashewa a hannu. Buhu takwas ke nan na mutane. Na faɗa wa kwamiti, na kuma kira depite da ke zaman Maris na gaya masa. Ya ce in rubuta yadda ya faru, kuma in rubuta dalilin, domin duk wanda zai kai wannan aikin wani ƙauye ya san cewa da ruwa za a fara lissafi. Yanzu amalanke biyu ke ɗebo mana daga ramin da aka haƙa a rairayin mayo, wato rafi.

28 ga Afrilu, 2024

Kuɗin auduga ya fito, bayan an cire bashin taki da magani kamar yadda aka saba da SODECOTON, kamfanin auduga. Kowa ya sayi ƙofarsa da tagarsa, ban da mutum biyu da abin da ya rage musu bai kai ba.

A nan aka sake buɗe maganar su wane ne sha biyun. Mun ɗauko tsarin lamunin juna da muka sani a bashin auduga, inda 'yan ƙungiya ke tsaya wa juna, wani ya kasa sauran su biya. Tsarin yana da kyau wajen dawo da kaya. Aibinsa shi ne ba wanda ke son shigar da mai rauni cikin da'irarsa. Sai ga shi jerin farko da aka kawo mini duk masu shanun huɗa ne, alhali waɗanda ɗakunansu suka zube suna waje. Wata gwauruwa da duk muke kira Goggo, mai riƙon jikoki huɗu a ɗaki ɗaya da rumfar zana, ba ta noma auduga, gyaɗa take yi tana ƙuli. Ta zo zaurena da kanta ta ce, "Malam, ashe gidan na masu gida ne?" Ban sami abin ce mata ba.

Na kai maganar gaban kwamiti. An yi zafi. Wasu suka ce ba sadaka ake rabawa ba, kuma haka ne, idan asusu ya mutu kowa ya rasa. Matan adashin kasuwa ne suka raba gardama, suka ce su za su tsaya wa Goggo da wasu mata biyu, a karɓi nasu kashi-kashi bayan cire gyaɗa. Mutum uku daga jerin farko suka haƙura sai zagaye na biyu. Ɗaya daga cikinsu har yau ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska.

Sai zanen gida. Wanda aka aiko mana daga birni yana da falo, da ɗaki biyu, da kicin da banɗaki duk a ciki, ƙofa tana kallon titi. Matan suka duba suka ce wa zai hura itace a cikin ɗaki, ina za a yi daka, ina za a ɗaure akuya, kuma baƙo namiji ta ina zai tsaya. Ba wurin rumbu ma sam. Manomi kuwa rumbunsa ne asusunsa. Depite da ya zo hutun ƙaramar salla ya zauna da su ya saurara, ban ji ya kare zanen ba ko sau ɗaya. Abin da aka koma kai shi ne ɗaki biyu a jere masu kallon tsakar gida, da masai a kusurwa nesa da rijiya, a bar wurin zaure da na rumbu da na madafa kowa ya yi da hannunsa yadda ya saba. Tushe na dutse ne, ya ɗago sama da ƙasa kamu ɗaya, kwano kuma ya zarce bango sosai. Sarkin magina ya ce ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa, inda ruwan indararo ke dukansa.

9 ga Yuni, 2024

Ruwa ya sauka, wurin aiki ya zama kufai. Ba zan zargi kowa ba, ni ma ina gona. Wanda ya makara shukar auduga a Yuni ya san abin da zai gani a ma'auni.

Gida biyar sun sami kwano, bakwai sun tsaya a kan taga. Mun rufe kawunan bangon da leda, mun danne da duwatsu. Da na koma baya a littafin nan na ga inda lokaci ya tafi: Disamba a taro, Janairu a fili, inji bai zo ba sai ƙarshen Fabrairu. Manomi wata biyar yake da su na gini, daga gama ɗibar auduga zuwa ruwan fari, mu kuwa mun ci biyu a zaune. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da ya shafi takarda da sayayya da damina ya kamata a yi shi, lokacin da hannu ke gona.

21 ga Yuli, 2024

Majalisa ta amince a ƙara wa 'yan majalisa shekara ɗaya, zaɓen da ake sa rai a farkon 2025 ya koma 2026. Masu cewa don zaɓe depite ke wannan aikin yanzu sun ce to za a ga ko zai sake leƙo mu. Ni ban shiga zuciyarsa ba. Ko don ƙuri'a yake yi, ai don haka ake zaɓe, a yi wa mutane abin da za su tuna. Abin da ya fi damuna shi ne injin da asusun duk a kan mutum ɗaya suka rataya. Na ba da shawara a rubuta su da sunan ƙungiya, a kai kwafi meri, ofishin magajin gari. Ya yarda, ya sa hannu.

22 ga Satumba, 2024

Damina ta yi nauyi bana. A rediyo ba a maganar komai sai ruwa: Yagwa da Maga da ƙauyukan bakin Logon sun nutse, gadar cikin Yagwa ta karye, Cadi na cikin wani hali, Maiduguri ma madatsar Alau ta ɓalle musu a ranar 10 ga wata. Maƙwabtanmu Tupuri da Masa kullum suna kan waya da danginsu. An kuma fara sakin ruwan madatsar Lagdo, waɗanda suka ga 2012 a bakin Binuwai ba sa barci da kyau. Mu muna kan tudu, kogi bai iso mu ba, amma saman bai raga mana ba. Ɗaki ashirin da uku da suka zube na ƙirga a unguwarmu.

Gidaje biyar masu kwano suna tsaye. Yanzu haka a gidan Goggo mutum goma sha ɗaya ke kwana, don ta ɗauki iyalin maƙwabcinta na dā. Mutanen da suka yi mana dariya da rani suna zuwa suna shafa bangon da tafin hannu. Tun makon jiya mutum talatin da ɗaya suka ba ni sunansu.

Ba duka ne lafiya ba. Gida na uku ya tsage a kusurwar yamma, daga tushe har ƙasan taga, tsagar da ɗan yatsa ke shiga. Da muka tona sai muka ga wannan kusurwar a kan jijiyar baƙar laka ta zauna. Sarkin magina ya faɗa tun ana haƙa cewa a ƙara zurfi a nan, mu 'yan kwamiti muka ce lokaci ya ƙure. Bulo bai yi laifi ba. A cikin bakwai marasa rufi kuma, iska ta yaye ledar biyu, layi uku na sama sun jiƙe sun lalace, sai an sauke su.

Na aika wa depite hotuna ta WhatsApp, har da na tsagar. Wani ɗan kwamiti ya ce da na ɓoye wannan, kada a ce aikin bai yi ba. Ban ga dalili ba. Idan za a je a roƙa wa wasu ƙauyuka irin wannan gini, gara a je da tsagar a hannu a ce ga abin da ke faruwa in an ƙi jin maganar magini.

1 ga Disamba, 2024

Depite yana Yawunde, zaman kasafi ya sake zagayowa. Ya nemi in aiko masa da lissafin gida ɗaya dalla-dalla: buhu nawa, kwano nawa, kwana nawa na mutum nawa, jarkar ruwa nawa. Abin da yake son ya sa a gaban masu tsara kasafi da magajin garinmu abu biyu ne. Na farko, a samu rancen gini da ake biya da kaka maimakon da wata. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta mallaki inji ko biyu da za ta riƙa ba ƙauyuka aro, ko ta hanyar FEICOM, asusun da ke tallafa wa ƙananan hukumomi. Ya gaya mini kada in faɗa wa mutane an samu, don ba a samu ba tukuna, magana ce ya kai.

Kwamitin suferefe ya zo a Oktoba, an kafa turaku huɗu, Arɗo na tsaye a wurin. Takarda tana kan hanyarta. Samari biyu da suka koyi inji wani ɗan kasuwa a Ngong ya nemi su yi masa bulon shago. Kwamiti ya yarda a ba da hayar injin ranakun da ba ma aiki, kuɗin ya shiga asusu, da sharaɗin ya kwana a gida duk ranar Juma'a.

Matan adashi sun kawo buhu huɗu, kason farko na su Goggo, tun kafin a tambaye su. Na masu auduga sai an auna an biya. A nan ne za mu san ko asusun zai kai ga mutum na goma sha uku.

Bana ba mu jira ba. Siminti yana ɗakin ajiyar ƙungiya a kan katako tun makon jiya, amalanke sun fara tara jar ƙasa da yamma bayan an taso daga ɗibar auduga. Gobe Litinin da asuba Sarkin magina zai tone kusurwar gida na uku har ya tarar da ƙasa mai tauri, ni kuma zan bi gidaje bakwai ɗin da awo in ƙirga kwanon da kowanne ke bukata.